Shaidar Baƙo

A wurin ɗaurin aure, bayan waliyyi ya bayar, wakilin ango ya karɓa, an ambaci sadaki lakadan ko ajalan, akwai sauran abu guda kafin a watse. Sanƙira zai miƙe ya ɗaga murya ya tambayi jama'a ko sun shaida, su kuma su amsa baki ɗaya: mun shaida. Da yawa daga cikin masu amsawar ba su ji abin da aka faɗa a cikin zaure ba, suna can waje a kan tabarmi. Duk da haka amsarsu ce take fitar da auren daga hannun gidaje biyu ta miƙa shi ga gari. Ko bayan shekara talatin wani ya tashi ya ce ba a ɗaura ba, akwai waɗanda za a nema.

Bahaushe yana rayuwa ne a cikin shaida tun daga haihuwa har kabari. Ana yi wa tunkiya shaida a kunne don kada ta ɓace a cikin garke. Yaro yana gama makaranta a ba shi takardar shaida. Wanda ya daɗe a tafiya ya dawo da furfura, tsohuwa ta ƙura masa ido ta ce ba ta shaida shi ba. Idan rasuwa ta faru a aika yaro ya shaida wa dangi, kuma a wurin zaman makoki babu abin da yake sanyaya zuciyar iyali kamar su ji ana cewa mamacin ya sami kyakkyawar shaida. Makaɗan fada da na jama'a sun san nauyin abin: idan an yi musu kyautar doki ko mota, ba sa tsayawa ga sunan mai kyautar, sai sun jero waɗanda aka yi abin a gabansu, domin kyautar da ba ta da shaidu ana iya cewa ƙarin gishirin mawaƙi ne. Sannan ga ɗaya gefen, inda kalmar take yin duhu. Shaidar zur tana cikin manyan zunubai. Dattawa kuma, in an tambaye su halin wani saurayi da ke neman aure, sukan yi ajiyar zuciya su ce ɗan yau ba a shaidarsa.

Akwai wani Bature malamin shari'a da wannan kalma ta bi shi duk tsawon rayuwarsa, har ta kawo shi Kaduna. Sunansa Norman Anderson. Kaɗan ne a Arewa suka san sunan, amma duk wanda aka taɓa karanta wa tuhuma a ƙarƙashin Final Kod ya gamu da aikin hannunsa.

An haife shi a garin Aldeburgh da ke gaɓar tekun Ingila a 1908. Ya karanta shari'a a Kwalejin Trinity ta Jami'ar Kambirij, ya fita da sakamako mafi daraja, irin wanda ke buɗe wa mutum ƙofar manyan ofisoshin lauyoyi a Landan. Bai bi ta wannan ƙofa ba. A 1932 ya tafi Masar a matsayin ɗan mishan, da niyyar yin wa'azin Kiristanci a cikin Musulmi, ya zauna ya koyi Larabci a Alƙahira har harshen ya zauna a bakinsa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sojan Ingila suka buƙaci mai jin Larabci wanda zai tsaya tsakaninsu da rundunar Larabawan Libiya da aka kafa a Masar a 1940 a ƙarƙashin inuwar Sayyid Idris al-Sanusi, wanda daga baya ya zama sarkin Libiya. Anderson ya karɓi aikin, ya yi ta hawa har ya kai muƙamin kanar, yana kula da harkokin Larabawa a hedikwatar sojan Ingila ta Gabas ta Tsakiya. Bayan yaƙi bai koma mishan ba. A 1947 ya fara koyar da shari'ar Musulunci a makarantar nazarin ƙasashen Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan, wadda aka fi sani da SOAS. A 1954 ya zama farfesa, ya riƙe kujerar har 1975, kuma daga 1959 zuwa 1976 shi ne shugaban cibiyar zurfafa nazarin shari'a ta jami'ar.

Abin da ya bambanta shi da sauran Turawan da suka yi nazarin fiƙihu a zamaninsa shi ne inda ya sa ido. Joseph Schacht, wanda shi ma ya zagaya Arewacin Nijeriya a 1950, ya fi damuwa da asali: yaya fiƙihu ya faro a ƙarni na farko da na biyu na Hijira. Anderson kuwa yau ce ta dame shi. Yana son ya san abin da alƙali yake yi da safiyar Litinin idan mace ta tsaya a gabansa ta ce mijinta ya tafi shekara bakwai babu aike babu labari.

Wannan tambaya ba ƙarama ba ce a ƙasashen da ke bin mazhabar Hanafiyya, domin a tsohuwar fatawar mazhabar matar wanda ya ɓace sai ta jira har sa'o'in mijin su ƙare a duniya. Malikiyya kuwa ta yanka mata shekara huɗu da idda. Anderson ya bi diddigin yadda hukumomin ƙasashen Musulmi suka fita daga irin wannan ƙunci ba tare da sun ce sun bar shari'a ba. Daular Usmaniyya ta fitar da dokar iyali a 1917. Masar ta yi nata gyaran a 1920 da 1929, inda ta ɗebo daga Malikiyya ta bai wa mace damar neman alƙali ya raba aure saboda rashin ciyarwa, ko cutarwa, ko doguwar ƙaura. Siriya ta biyo a 1953, Tunisiya a 1956 har da hana ƙarin aure, Maroko a 1957 da 1958, Iraƙi a 1959, Pakistan a 1961. Ya rarrabe dabarun da aka bi ɗaya bayan ɗaya: zaɓo fatawa daga wata mazhaba, haɗa rabin wannan ra'ayi da rabin wancan, sabon ijtihadi a kan nassi, da kuma ikon shugaba na iyakance abin da kotu za ta saurara.

Dabarar ƙarshen nan ta fi sauran ban sha'awa, kuma a kan shaida ta ginu. Masar ba ta ce auren da ba a rubuta ba ɓatacce ne. Babu malamin da zai yarda da haka. Abin da ta yi a 1931 shi ne ta umarci kotuna kada su saurari ƙarar auren da ɗaya ɓangare ya musanta sai an kawo takardar hukuma. Auren yana nan halal a wurin Allah, amma kotu ta toshe kunnenta. Da wannan aka mayar da shaidar baki baya, takarda ta shige gaba, ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya na littafin fiƙihu ba. Anderson ya ga hikimar, ya yaba, ya kuma riƙe ta a zuciya a matsayin hanyar da ya kamata kowace ƙasar Musulmi ta bi.

Da wannan ma'auni a hannu ya shigo Afirka. A farkon shekarun 1950 Ofishin Mulkin Mallaka ya ɗauki nauyinsa ya zagaya ƙasashen da Ingila ke mulka inda ake aiki da shari'ar Musulunci: Adan, Somaliya ta Ingila, Zanzibar, Kenya, Tanganyika, Yuganda, Nyasaland, sannan Nijeriya, Gambiya, Gwalkwas da Saliyo. Ya zauna da alƙalai, ya yi musu tambayoyi da Larabci, ya duba littattafan kotu. Sakamakon shi ne littafinsa na 1954, Islamic Law in Africa. A ciki ya bayar da shaidar da har yau ake maimaitawa, cewa in ka ɗebe yankin Larabawa, babu inda ake zartar da shari'ar Musulunci da faɗi kamar Arewacin Nijeriya. Mutumin Kano ko Sakkwato zai ji wannan ya ji daɗi. Anderson bai faɗe ta don yabo ba. A ganinsa mulkin Turawa ta hannun sarakuna ya killace Arewa daga iskar gyaran da ke kaɗawa a Alƙahira da Dimashƙa, har ga shi ana yanke hukuncin kisa da Mukhtasar na Khalil a tsakiyar ƙarni na ashirin.

Ya dace a tsaya a dubi abin da ya tarar, domin babin shaida a fiƙihun Malikiyya gini ne mai zurfi, ba abin da za a wuce da gudu ba. Alƙalin da ya tashi da Risala da Mukhtasar da Tuhfa ta Ibn Asim ba ya karɓar magana don kawai an rantse a kanta. Yana duba mai maganar tukuna. Dole mai shaida ya zama adali, in kuma alƙali bai san shi ba sai an kawo wasu adilai su tsarkake shi. Ɗa ba ya yi wa uba shaida, miji ba ya yi wa mata, maƙiyi ba ya yi a kan maƙiyinsa, haka duk wanda shaidar za ta jawo masa amfani ko ta kawar masa da asara. A sha'anin dukiya shaida ɗaya da rantsuwar mai ƙara sun isa. A abin da maza ba sa gani, kamar haihuwa, mata biyu sun wadatar. Har yara an ba su gurbi: in sun ji wa juna rauni a wurin wasa, ana karɓar maganarsu matuƙar ba su watse ba, babba bai shiga tsakaninsu ya koya musu abin faɗa ba. Duk wanda ya san yara ya san wanda ya kafa wannan sharaɗi ya zauna da su. Kafin a yanke hukunci kuma sai an yi i'izari, a tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da suka a kan shaidun, ko akwai sauran hujja.

Amma a cikin ginin nan akwai ɗakunan da suka tayar wa Anderson hankali, kuma ba shi kaɗai ba. Ba a karɓar shaidar wanda ba Musulmi ba a kan Musulmi. Diyyar Kirista rabin ta Musulmi ce, ta bamaguje ta yi ƙasa da haka nesa. Idan an yi kisa babu cikakkun shaidu, amma akwai alama mai ƙarfi, ko mamacin ya ce wane ne ya kashe shi kafin ransa ya fita, magada maza za su yi rantsuwa hamsin a kashe wanda ake tuhuma. Kuma rayuwar mai kisan ganganci tana hannun magadan: in sun nemi ƙisasi a kashe shi, in sun yafe sai bulala ɗari da ɗaurin shekara.

Rikicin fiƙihu da dokar Turawa ya fito fili ne tun 1947, a shari'ar Tsofo Gubba da En'e ta Gwandu. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa mutumin hukuncin kisa saboda ya kashe kwarton matarsa. A fiƙihu wannan kisan ganganci ne, zafin zuciya ba ya rage masa komai. A dokar laifuka ta Turawa kuwa tunzurawa tana sauko da laifin ƙasa da wanda ake rataye mutum a kansa. Kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, sarakuna da alƙalai suka ji an taka su, aka shiga shekara goma ana yi wa doka faci, a gyara yau a warware gobe. Mutum biyu su yi laifi iri ɗaya a lardi ɗaya, a rataye wannan a ɗaure wancan, bambancin kawai kotun da ɗan doka ya kai kowannensu. Ba banza ba ake cewa shari'a mace ce da ciki. A 1959 ma, a shari'ar Guri da En'e ta Haɗeja, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta rushe hukuncin wani da aka tuhuma da fashi da kisa, saboda kotun farko ta hana shi buɗe baki ya kare kansa bayan shaidu sun yi magana.

Jojin Bature da ke jin irin wannan yakan kaɗa kai kamar abin bai taɓa faruwa a gidansu ba. Alhali a Ingila kanta sai a 1898 doka ta yarda wanda ake tuhuma ya hau akwatin shaida ya yi rantsuwa ya yi magana a shari'arsa, shekara goma kacal kafin a haifi Anderson. Tunanin cewa mai ruwa da tsaki ba ya zama shaida a kan al'amarinsa tsohon tunani ne da mutane da yawa suka yi tarayya a kai.

Kuskure ne kuma a ɗauka masu kuka da kotunan wancan zamani baƙi ne kawai. Hukumar Willink, da aka kafa a 1957 don sauraron fargabar ƙananan ƙabilu, ta ji koke mai yawa daga mutanen Filato da Binuwai da Kudancin Zariya a kan zuwa gaban alƙali inda bakinsu ba shi da nauyi. A cikin birane kuma 'yan NEPU, Musulmi 'ya'yan Musulmi, almajirai da 'yan kasuwa da teloli, suna da tasu shaidar a kan yadda ake amfani da kotun alƙali da ta sarki a ɗaure ɗan adawa da sunan zagin sarauta ko taro ba izini. Su ba littafin suke tuhuma ba, masu riƙe da littafin suke tuhuma. Wannan bambanci ne da ya kamata a riƙe, domin Anderson ya fi karkata ga ganin matsalar a cikin littafin.

Ana cikin haka mulkin kai ya ƙarato. Gwamnatin Sardauna ta aika wakilai Libiya da Pakistan da Sudan su ga yadda ƙasashen Musulmi masu mutane iri-iri suke yi, sannan a 1958 ta kira kwamitin masana shari'a mutum shida. Shugabansu Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. Sai Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, sai Anderson. 'Yan gida uku: Shettima Kashim, Wazirin Barno, wanda daga baya ya zama Gwamnan Arewa, Peter Achimugu daga ƙasar Igala, da Malam Musa, Babban Alƙalin Bida. Cikin makonni kaɗan a Kaduna suka miƙa shawarwarin da suka sauya fuskar shari'a a Arewa. A yi kundin laifuka guda, wato Final Kod, da zai hau kan kowa, a ɗauko samfurinsa daga na Sudan, wanda shi ma jikan kundin Indiya ne na 1860. A bar wa fiƙihu aure da saki da gado da wasiyya da waƙafi da sauran mu'amala, a kafa masa kotun ɗaukaka ƙara ta kansa. A horar da alƙalai, kuma kafin su goge, kundin ya zama musu jagora, kada a rushe hukuncinsu don ƙaramin kuskuren tsari.

Ba a kai daftarin majalisa ba sai da kwamitin malamai a ƙarƙashin Wazirin Sakkwato Malam Junaidu ya bi shi, aka yi ta ja-in-ja, aka bar wasu alamu: shan giya ya zama laifi ga Musulmi, zina ta zama laifi ga wanda al'adarsa ko addininsa ya haramta ta, aka ajiye bulalar haddi. Majalisa ta zartar a 1959, dokar ta fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, jajibirin 'yancin kai. Shehu Awad, malamin Sudan da ya daɗe yana koyarwa a makarantar shari'a ta Kano, ya zama Alƙalin Alƙalai na farko, Malam Abubakar Gumi ya gaje shi a 1962. A Zariya, Kwalejin Horon Ma'aikata ta Kongo ta cika da alƙalai da muhutai masu rawani suna koyon sassan Final Kod. A 1962 kwamitin masana shari'ar ya dawo ya duba yadda abin ke tafiya, Anderson ya koma Landan ya rubuta cewa an sami ci gaba.

To, a nan ne kalmar take dawowa da nauyinta. Mutumin da, a ƙa'idar kotun da ya zo dubawa, ba za a karɓi shaidarsa a kan Musulmi ko a rikicin akuya ba, shi ne maganarsa ta shiga cikin abin da ya rage wa kotun iko. Kuma in da za a yi masa i'izari, akwai sukar da za a kawo. Anderson bai taɓa ajiye imaninsa na mishan ba. A 1950, lokacin da yake rubuta jerin maƙalunsa kan gyaran shari'a a ƙasashen Larabawa, ya fitar da ɗan littafi yana auna hujjojin tashin Almasihu daga matattu, kamar yadda Kirista suka yi imani, da ma'aunin lauya: su wane ne shaidun, me za su samu in sun yi ƙarya, ina maganarsu ta haɗu. A 1969 ya faɗaɗa wannan a wani littafi kan shaidar tarihi ga addininsa. Daga 1970 zuwa 1979 shi ne shugaban farko na zauren mabiya waɗanda ba limamai ba a babbar majalisar Cocin Ingila. Todd Thompson, wanda ya rubuta tarihinsa a 2018, ya nuna cewa sha'awarsa ga zamanantar da shari'ar Musulunci da burinsa na mishan ba su rabu ba: yana fatan ƙasashen Musulmi su zama wuraren da doka ta sarara har mutum zai iya sauya addini ba tare da ya rasa ransa ko iyalinsa ba.

Malaman shari'a na Arewa da suka biyo baya ba su yi shiru ba. Alƙali Abdulmalik Bappa Mahmud, a taƙaitaccen tarihin shari'a a tsohuwar Arewa da ya wallafa a 1988, da Farfesa Auwalu Yadudu na Jami'ar Bayero, a nazarinsa na 1992 kan yadda mulkin mallaka ya sauya shari'ar Musulunci, duk sun kalli abin da aka yi a matsayin tsuke shari'a a kusurwar gida bayan ta kasance dokar ƙasa. Wannan raɗaɗi ne ya fito a muhawarar Majalisar Tsara Tsarin Mulki ta 1978, har wakilai Musulmi suka fice daga zaure, shi ne kuma ya fito a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, daga nan jihohi goma sha biyu suka dawo da hukunce-hukuncen laifi na shari'a. Anderson ya ɗauka tarihi hanya ɗaya yake bi, daga Istanbul zuwa Alƙahira zuwa Kaduna, kuma ba ya juyowa. A wannan ya yi kuskure babba, kuma kuskuren ya samo asali ne daga rashin auna yadda mutanen da aka yi wa gyaran suka ji shi a jikinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin lura kuma, lokacin da sababbin kotunan shari'a suka yanke wa Safiya Husaini a Sakkwato da Amina Lawal a Katsina hukuncin jifa, abin da ya kuɓutar da su a 2002 da 2003 daga cikin fiƙihun ya fito. A shari'ar Amina, kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta tsaya a kan cewa mai iƙirari yana da damar janye iƙirarinsa, kuma cikin bazawara yana iya zama kwantacce na tsohon miji har shekaru. Tsananin da Malikiyya ke yi wajen karɓar hujja, wanda baƙo zai iya gani a matsayin tsohon yayi, shi ne ya zama katanga.

Duk da haka ba daidai ba ne a jefar da shaidar mutumin a kwandon zur. Ya zo, ya zauna, ya tambaya da harshen littafin, ya rubuta abin da aka gaya masa da sunan gari da irin shari'ar. Wanda yake son sanin yadda alƙalan Arewa suke raba gadon gona a 1951, ko yadda suke yi da kuɗin khul'i, ko inda al'ada ta rinjayi nassi a riƙon 'ya'ya, zai sami a littafinsa abin da ba zai samu da sauƙi a wani wuri ba. Inda ya ga zalunci a kan wanda ba Musulmi ba, zaluncin yana nan, kuma jama'ar da ke son a yi mata adalci a tarihi dole ta iya jin wannan ko daga bakin wanda ba ta so. Malaman Malikiyya da kansu sun bar ƙofa ga irin wannan: sun bambanta shaida da labarin gwani, suka ce in ana jayayya kan aibin abin sayarwa kuma babu adali masani, ana karɓar bayanin likita ko da ba Musulmi ba ne. Ana sauraronsa a kan abin da ya ƙware a kai, hukunci kuma yana hannun alƙali.

Akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ke sa ko mai adawa da shi ya sassauta murya. 'Ya'yansa uku duk sun riga shi mutuwa. Namijin, Hugh, wanda ya shugabanci ƙungiyar muhawara ta ɗaliban Kambirij kuma ake hango masa babban matsayi a siyasa, ciwon daji ya ɗauke shi a 1970 yana da shekara 21. 'Yan matan biyu suka bi bayansa. Anderson ya ci gaba da koyarwa da rubutu, ya fitar da littafinsa kan gyaran doka a duniyar Musulmi a 1976, ya rubuta tarihin kansa a 1985, bai sauya abin da ya yi imani da shi ba har ya rasu a 1994. Musulmin da ya san darajar haƙuri a kan rashin ɗa zai gane abin da ke nan, ko da bai yarda da aƙidar mai haƙurin ba.

Abin da ya rage shi ne ƙarancin sauran shaidu. Labarin 1958 kusan duk daga bakin Turawa aka ji shi: maƙalun Anderson na 1959 da 1963, rubuce-rubucen S. S. Richardson wanda ya kula da aiwatar da sabon tsarin, da takardun gwamnati waɗanda Philip Ostien, da ya koyar da shari'a a Jami'ar Jos, ya tattara ya fitar. Alƙalan da aka tara a Kongo, waɗanda suka shekara talatin suna hukunci da Tuhfa sannan aka miƙa musu kundi mai lambobi, ba su bar littattafan tarihin kansu da yawa ba. Amma sun bar rajistocin kotu, da Larabci da ajami, a Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna da ɗakunan ajiya na masarautu. Allan Christelow ya gwada abin da za a iya ciro daga irinsu lokacin da ya fassara shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, inda aka ga sarki yana warware rikicin gona da na bayi da na diyya da sassaucin da ba a zata ba. Na shekarun 1950 da 1960 suna jiran ɗaliban shari'a na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri masu iya karanta hannun muhuti, kuma takarda ba ta jure gara da damina har abada.